Askin Lalle a Kan Bishiyar Almon

Lalle da almon ba reno ɗaya suke so ba, kuma na san haka tun ban iya ɗaura zani da kyau ba. Babanmu dashe yake sayarwa a bakin babban kanal na Kura, mu kuma 'ya'yansa mu ne masu ban ruwa. Lalle in ka ji tausayinsa ka cuce shi. Ana gama tsinke ganyen sai a bi shi da adda har gwiwa, a sake masa ruwa, ya tofo ya cika ya fi da. Almon kuwa kai ɗaya gare ta. Miƙewa take yi sama tana fitar da rassa hawa-hawa kamar lema, ganyenta faffaɗa ya yi ja ya zube, yara su fasa ƙwallon su ci ɗan abin da ke ciki. In aka sare ta tana ƙarama, ko ta mutu, ko ta zama cunkus ɗin da ba inuwa ba 'ya'ya.

Da aka kai ni gidan miji a wani ƙauye kusa da Bunkure, a shekarun da wayar hannu ta fara shigowa ƙauyukanmu, Babanmu ya cusa dashen almon ɗaya a leda cikin kayan ɗakina. Ya ce in zuba mata toka saboda gara, in ba ta ruwa, kada in bari ƙarfe ya taɓa kanta. Bai ce komai a kan zaman aure ba, wannan ita ce nasiharsa gaba ɗaya. Na dasa ta a tsakar gida. Kafin in yaye 'yata ta fari bishiyar ta wuce tsayin maigidana, ta yi hawa biyu, har ina shimfiɗa tabarma a 'yar inuwarta. A gidan nan kaf ita kaɗai ce abin da ya zo daga hannun ubana yake kuma raye.

Surukina, mahaifin maigidana, mutumin kirki ne, kada wani ya ji labarin nan ya zage shi. Shingen gonarsa ta tumatir duk lalle ne, kuma mata har daga Kura suke aiko a saya musu. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai, ita ma a durƙushe, fuskata a gefe. Haka aka koya mana. Ni da bakina bai bar kowa ba a gidanmu, in na ji tarinsa a zaure sai in zama kurma.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, farkon bazara. Maigidana ya tafi da kwandunan tumatir kasuwa, uwar mijina ta tafi suna. Tsohon ya dawo daga saran lallensa, adda a hannu, ya yi sallama. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tsaya yana kallon bishiyar, ya ce, kamar da iska yake magana:

"Wannan abu ya yi tsawon banza, ba cika. Ba mai kula da shi ne a gidan nan?"

Na gane inda ya dosa. Maganar tana bakina, wallahi har harshena ya motsa: Baba, wannan ba a sare ta. To amma ku gaya mini, ta yaya matar ɗa za ta buɗe baki ta ce wa uban mijinta bai san itace ba, mutumin da ya tsufa da adda a hannu? Na miƙe sumui-sumui na shige ɗaki na saki labule. Daga nan nake jin saran. Bai ma daɗe ba, don itacen ɗanye ne.

"A riƙa ba shi ruwa," in ji shi daga waje. "Za ki ga yadda zai cika."

"To, Baba. An gode."

Da na fito na tarar da kututture daidai gwiwa, an yi masa sara mai kyau, a karkace, irin na gwani. Rassan kuma ya tattara ya jefa wa awaki.

Maigidana ne ya sha fushin. Yana sauka daga babur na tare shi, na ce ya je ya faɗa wa babansa abin da ya yi. Ya ce, "Yanzu in na faɗa zai mayar da ita ne? Ke da kike wurin me ya hana ki magana?" Na wurga ludayin da ke hannuna, na ce in shi ya isa ya je gidanmu ya gyara wa ubana zance in gani. Duk mun san ba mai iyawa. Tuwon ranar da gudaji ya ci shi, kuma da gangan ne.

Abin da ya fi saran ciwo shi ne abin da ya biyo baya. Tsohon ya ɗauki bishiyar ta zama aikinsa. Ya ce ruwan rijiyarmu zartsi ne, sai ya riƙa ɗauko jarka daga kanal da kansa kowace safiya, yana ɗingishi, ya zuba a gindinta, ya sunkuya yana duba toho. Wasu 'yan idanu sun fito, rana ta ƙone su. Ɓawon ya fara baƙi, gara ta hau. Ina daka ina satar kallonsa, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Kowa a gidan ya san ta mutu ban da mai ba ta ruwa.

Ana cikin haka Babanmu ya zo duba jikarsa. Surukina ya tarbe shi da murna, ya ja shi har tsakar gida ya nuna masa kututturen, ya ce ai shi ya gyara wa yarinyar nan itacenta, sai dai ya yi nawar toho. Ina durƙushe da kwanon ruwa a hannu. Babanmu ya dubi kututturen, ya daɗe, sannan ya ce, "Madalla. Allah Ya saka da alheri." Bai dube ni ba. Da ma zagina ya yi.

Surukina ya raka shi bakin titi. Daga baya maigidana, wanda ya bi su, ya gaya mini tsohon ya matsa da tambaya, yaushe irin wannan yake toho, sau nawa ake saransa a shekara. Babanmu ya yi ta kewaye-kewaye, har dai ya ce a hankali ita wannan ba a sare ta.

Ina tankaɗe na ji sallamar surukina, ya dawo daga rakiya. Na ajiye rariya na durƙusa. Bai wuce sashensa ba kamar yadda ya saba. Ya tsaya a gaban kututturen, ya tura shi da ƙafa, ya ji yana girgiɗi. Sannan ya yi mini magana kai tsaye, abin da bai taɓa yi ba.

"Yarinya, kin san ba a saran wannan?"

"Na sani, Baba."

"Tun ranar?"

Na ƙura wa ƙasa ido, hawaye na ɗiga a kan zanina.

"Ni na ɗauka 'ya nake da ita a gidan nan," in ji shi, ba faɗa a muryarsa. "Ashe kullum kina kallona ina ɗaukar ruwa."