Juma'a Ɗari da Huɗu

Malamin da ya koya mini lissafi Batangale ne, mutum mai sanyin murya. Yakan ce daidai iri biyu ne. Uku sau huɗu daidai yake da sha biyu, wannan na adadi ne, ko a mudu ka auna za ka gani. Ɗayan kuwa na magana ne: zance biyu da in ɗaya gaskiya ne ɗayan ma gaskiya ne, in ɗaya ya faɗi su faɗi tare. "In an yi ruwa ƙasa za ta jiƙe" da "in ƙasa a bushe take ba a yi ruwa ba", zance ɗaya ne ya sake riga. Na haddace, har na zama malami ina koya wa wasu.

Da kuɗin man fetur suka shigo, gwamnati ta ba ni gurbin ƙaro karatu a Ingila, shekara biyu. Ina zaune a unguwar Madaki, Inna mahaifiyata tana unguwar Pantami, kuma duk Juma'a in an sauko daga masallaci wajenta nake zuwa shan fura. Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana, ba ta roƙona komai. Da na gaya mata, ba ta fasa dama furarta ba. Ta ce, "Allah ya sa alheri. In ka tafi, ba za ka tarar da ni ba."

Ni kuwa sarkin wayo, sai na ɗauki alli. Shekara biyu Juma'a ɗari da huɗu ke nan. Saura wata huɗu tafiya, don haka kullum na riƙa taka keke zuwa Pantami, ina shan fura har na ajiye tumbi. Ran da zuwana ya cika ɗari da huɗu na ce, "Inna, na biya miki Juma'o'inki tun kafin su zo."

Ta yi dariya. "Kai da bokonka. Wanda ya sha ruwan wata guda yau, gobe ba zai ji ƙishi ba?"

Lissafina bai da kuskure. Amma na san ɗaya rigar maganarta: in har zan tarar da ita, to ban tafi ba. Kunyar ɗan fari ta hana ta cewa in zauna, sai ta faɗa yadda malamin lissafi zai gane. Na gane sarai, na yi kamar ban gane ba, kuma har yau abin yana mini ciwo.

Da na dawo, ƙanwata ta miƙo mini ƙwarya da ludayin Inna. Ta ce, "Yaya, duk Juma'a sai ta dama ta rufe da faifai. Sau sittin da ɗaya ta samu yi."