Zaren da Na Naɗa Masa a Rogo

Ni ne mai laifi. Na daɗe ina barin mutane suna cewa ƙaddara ce ta ci hannun saurayin nan. Ƙaddara gaskiya ce, amma ni na naɗa masa zaren, kuma ina sane.

Ni ɗan mahauta ne a Karaye. Ubana ya rasu ina ƙarami, dambe ne ya ciyar da ni, gari gari, kaka bayan kaka. Da Turawa suka sa aka ɗebi mutane zuwa haƙar kuza ina ciki. Na dawo da tarin da ya raba ni da filin dambe. A wannan jinyar malamin unguwarmu ya gyara mini sallata, na kwance layun damtsena na binne. Na ɗauka na gama tuba.

Samari suka riƙa zuwa ƙofar gidana bayan la'asar ina nuna musu tsayuwa da kare fuska. Sharaɗina biyu: ba shaye-shaye, ba barin sallah. Cikinsu akwai wani ɗan mahauci daga Kwanyawa, dogo, mara surutu. In ya feɗe akuya ko ƙwarzane ba ka gani a fatar. Da wuƙar nan yake ciyar da uwarsa da ƙannensa.

Gab da damben kaka na Rogo, wani sa ya fizge igiya a mayanka ya murɗe masa wuyan hannun dama. Na taɓa wurin da kaina, na ji ƙashi yana motsi. Na ce masa bana ba shi ba dambe, kallo kawai za mu je.

Fili ya cika, Fulani sun jingina da sandunansu. Tsohon makaɗin da yake yi mini kalangu a dā ya hango ni.

"A'a, ga na Karaye! Malam, carbi ka kawo mana ko maza?"

Aka fashe da dariya. Wani ƙato daga Jajaye ya fito tsakiya yana zagaye da hannu a sama, ya zo ya tsaya a gabanmu.

"Miƙo hannunka," na ce wa ɗalibina.

"Baba, ai bai warke ba."

"In tsoro ne faɗa mini, in mai da kai wurin uwarka."

Ya dube ni, ya miƙo.

Kowane ɗan dambe ya san ana fara sa ƙyalle, a bi da zare, a bar wa jini hanya. Ni ban bar masa ba. Na jiƙa zaren, na ja da haƙori, na ɗaure sama da karayar har hannun ya daina ji.

"Da zafi?"

"Ba na jin komai, Baba."

"To shiga."

A turmi na farko ya yi ta kaucewa, mutanen Rogo suna masa ihu. A na biyu ƙaton ya sauke hannun hagunsa, yaron ya sakar masa naushi a muƙamuƙi. Na ji ƙarar daga inda nake, na san ba ta muƙamuƙi kaɗai ba ce. Ƙaton ya kai gwiwa ƙasa, fili ya rikice.

A nan ya kamata in ruga in yanke zaren. Amma an ɗaga yaron sama ana zagaya fili da shi, makaɗin kuma ya juya kalangu yana yi mini kirarina na dā. Na tsaya ina sauraro. Yaron yana ɗago mini hannun daga saman kawunan mutane, ni kuwa na ɗaga masa nawa kamar murna yake yi.

Da na zo yankewa, hannun ya kumbura ya yi baƙi. Maɗori a Fulatan ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ƙashin ya haɗe a karkace, yatsu suka ƙanƙame. Wuƙa ba ta ƙara zama a wannan hannu ba. Ya koma wanke wa wasu mahauta kayan ciki. Duk inda muka haɗu sai ya durƙusa ya gaishe ni, ni kuma in amsa in wuce da sauri.

Ranar da na ga ƙaninsa ya zo ƙofar gidana yana son in koya masa, ban iya taɓa hannunsa ba. Na ɗauki hanyar Kwanyawa. Na sami ɗalibin nawa a bayan rumfar mahauta yana wanke tumbi da hagu. Ya yunƙura zai tashi, na riga shi durƙusawa, mahauta suna kallo.

"Ɗana, na san hannunka a karye yake. Don kada a yi mini dariya na naɗe shi, na kuma ga kana kirana na ƙi zuwa. Na cuce ka, na cuci uwarka. Ba ni da abin da zan mayar maka da shi. Don girman Allah ka yafe mini."