Ɗiyar Roba da Kan Ɗiyata

Ƙanwar matata ta ƙona wa ɗiyata fatar kai. Da man miƙar da gashi ta yi wannan aiki, wanda suke kira defirizan, ana gab da ƙaramar Salla, a tsakar gidana, ni ina can shago ina taka keke da bakin azumi. Yarinyar ko shekara takwas ba ta cika ba. Kuma duk wannan masifa a kan wata ɗiyar roba ce da tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba.

Ni tela ne a nan Agadas. Lakwal, wato makarantar boko, na ɗan taɓa ta, mushe malaminmu ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu ba baram-baram ba. Don haka kar wani ya jira dogon bayani daga bakina. Amma zancen ƴar tsana na san shi, domin tun ina yaron shago ƴan mata ƙanana ke durƙusawa ƙarƙashin kekena suna tsintar ƙyalle.

A zamaninmu ƴar tsana ƙashi ce. In an yi layya, yayyena mata sai su kafa su tsare har a gama cin ƙafar rago, su ɗauke ƙashin, su kankare shi da yashi, su shanya bisa soro. Kakarmu ce mai yin gashi. Baƙin zare take liƙawa da ƙaro, ta zauna ta yi masa kitso tsaf, irin wanda take yi wa jikokinta. Ba ido, ba hanci, ba baki. In mai ita ta ce amarya ce, amarya ce. Gobe in ta ce mai jego ce, sai a tara ƙawaye a yi suna, a dafa ƴar shinkafa cikin gwangwanin tumatir, mu maza a ba mu aikin roƙo da kiɗan kwano, a sallame mu da ƙanzo. Ban taɓa jin wata ta kalli ƙashin nan ta ce tana son ta yi kama da shi ba. Shi ake wahala a mayar kamar mutane.

Ta roba ta farko da na gani, turawan yawon buɗe ido ne suka ba wata yarinyar unguwarmu kado, wato kyauta. Ranar har tsofaffi sun fito kallo. Wata ta juya ta, ta ɗaga mata riga, ta yi salati ta ce a fitar da ita daga gidan da ake salla. Daga baya turawan suka ɗauke ƙafa, amma abin bai bi su ba. Motocin Libiya suka ci gaba da sauke ɗiyan robar, sannan kayan Sin suka cika kasuwa. Yau duk butik ɗin da ka shiga za ka gan su rataye cikin leda: ƙafafu zalo-zalo, ƙugu kamar tsakiyar taɓarya, gashi ruwan gemun masara har gadon baya. Ko tsayuwa ba ta iya yi, kullum a kan yatsu take kamar mai leƙen katangar maƙwabta.

Ta zo da rigarta, da takalminta, da ƴar jakarta. Me ya rage wa yaro ya yi? Sai dai ya nemi ƙari. Yanzu ba a tsintar ƙyalle. Yarinya za ta tsaya a bakin shago, ta miƙo maka ɗiyar roba ta ce, “Baba tela, a yi mata rob, gajera, mai tsaga a baya.” Ni da furfura a gemu, in bar bazan ɗin mutane, shadda mai tsada, in zauna ina auna ƙugun roba! Iyayen ma ba su bar ni ba. Mace ta ci ta ƙoshi, Allah ya yi mata jiki, ta buɗe tarho ta nuna maka hoto ta ce haka take so ta fito. In riga ta ƙi shiga, tela ne bai iya ba.

To, ita ƙanwar matata a Yamai take zaune, ta zo mana hutun Salla. Ta hana yara su ce mata Inna, sai Tanti. Tsakanina da ita kuwa wasa ne, kamar yadda aka saba tsakanin mutum da ƙanwar matarsa. Tun tana ƴar ƙarama take ce mini angona, ni in ce mata amaryar da ba ta iya tuwo ba. Ita ta kawo wa ɗiyata wannan ɗiyar roba tsaraba, har da ɗan mataji ruwan hoda.

Daga ranar yarinya ta daina fita wasa. Tana zaune tana taje gashin roba, ta taje, ta ɗaure, ta kwance. Da uwar ta ce a tafi wajen mai kitso, sai ta fashe da kuka, wai ita ba ta son kitso, so take gashinta ya sauka ya riƙa lilo. Yarinya mai gashi cunkus, baƙi wuluk, wanda mai kitso kan yi mita saboda cikarsa.

Ranar da abin ya faru, uwar ta tafi gaisuwar rasuwa. Tanti ta aika aka sayo man nan, irin na manya, ta zaunar da yarinya kan kujera ta lafta mata. Yarinya ta ce zafi. Tanti ta ce ta daure, zafin nan shi ne alamar yana aiki. Ta koma kan tarhonta tana dariya da mutanen Yamai. Ita kuwa ɗiyata, saboda tsananin son abin, ta cije leɓe tana hawaye ta daure, har sai da maƙwabciya ta shigo aron turmi ta ga halin da take ciki ta kwarma ihu.

Aka aiko mini shago. Na tarar an wanke kan, amma fata ta saɓule a ƙeya da bayan kunne, gashi na bin hannu. Na saɓa ta a kafaɗa sai likita. Can suka aske abin da ya rage, suka shafa magani, suka naɗe kan da bandeji. Mai yi mata wankin ciwon ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Malam, ku kuna ina aka yi wa yarinya haka?” Ina zan ce? Ina shago ina ɗinka wa ƴaƴan wasu kayan Salla.

Ranar Salla yaran unguwa suka yi ado suka fita yawon barka da Salla. Rigar da na ɗinka mata tana rataye a ƙusa. Ta ƙi fita, ta ce za a yi mata dariya. Na shiga ɗaki in lallashe ta, na same ta da ƙaton kallabin uwarta a kai, ɗiyar roba a cinya, tana taje ta. Na zauna na ce, “Uwata, yi haƙuri, gashi zai fito, ya fi na da.”

Ta ce, “Baba, in ya warke a sake sa mini. Tanti ta ce ita ma sai da ta ƙone sannan nata ya sauka.”

Na fito na maimaita wa uwar. Ta tafa hannu ta ce, “Wane sauka? Perik ce fa! Hular gashi ce take kifawa. Nata duk man nan ya cinye shi, goshinta ya kai tsakiyar kai.” Na ce to me ya hana a gaya wa yarinya? Ta ce ai sirrin mata ne, kuma baƙuwa ce, in bari ta koma lafiya kar a ce mun wulaƙanta ta. Wato a rufa wa perik asiri, a bar mini ɗiya tana jiran ciwo ya warke a sake ƙona ta.

Washegari da hantsi na sami Tanti a kan tabarma a inuwa, tana shan shayi, gashin nan ya zubo har kafaɗa. Tana ganina ta washe baki.

“Angona, wannan fuska fa? Ko goron Sallata ne ba ka so ka bayar? Haba, ciwon yara ne, kwana nawa ne ya warke.”

Na ce, “Ajiye kofin nan. Yau ba angonki ba ne a gabanki, uban yarinyar da ke cikin ɗakin can ne. Ƙunar da kika yi mata na bar ki da Allah, na san ba da gangan kika yi ba, sakarci ne. Ƙaryar ce ba zan bari ki tafi ki bar mini a gida ba. Tashi ki shiga wurinta yanzu, ki rufe ƙofa, ba mai ganinki sai ita. Ki cire wannan abin da ke kanki, ki duƙa ta ga abin da man nan ya bar miki, ta taɓa da hannunta. In kin yi haka, ki zauna har Babbar Salla in kina so, tuwona naki ne. In ba za ki iya ba, haɗa kayanki, ni da kaina zan kai ki tasha.”