Takardar da ke cikin hular Kawu Ilu

Kun dai san Kawu Ilu ba ya tuɓe hula, ko gaban wanzamin kasuwar Mayahi sai an yi rigima. Wasu na cewa sanƙo yake ɓoyo. Ina! Takarda ce a ciki, ta roƙon a haƙa mana famfo, don ruwan rijiyarmu ya koma kamar kunun laka.

Ƙanen uwata ne. Ya yi jami'a a Yamai yana binciken yadda hukuma ke yanke shawara, bai gama ba ya dawo ya ci gaba a kanmu. Ni a makarantar lakwal aji uku na yi, sai na zama mai kai shi a moto, wato babur. Na sha wuya, wallahi.

Sai mu keta rairayi har wurin taron kwamin, majalisar garinmu, ya ƙi shiga. Ya zauna waje yana duban wa ya fito tare da wa.

"Kawu, isanshi, man moto, fa na ƙona, ka shiga mana!"

"Ciki karantawa kawai ake yi, Habu. An gama magana tun jiya wurin cin tuwo."

Rannan magajin gari da kanshi ya ba shi hannu. Na zungure shi, "Miƙa takardar!"

Ya danne hula. "Wanga ba ya jin ƙishirwa. Sai matsala da magani da mai sa hannu sun haɗu kan tabarma guda."

"Yaushe ke nan?"

"Ina bincike."

Shekara da shekaru yana bincike, matata na tace ruwa da ɗankwali, yarana na fama da gudawa.

Da ciwo ya kwantar da shi ya kira ni. "Abokan karatuna sun zama manya, za su zo gaisuwa. Kar a saya masu ruwan leda. Na rijiya, kuma kar a tace. In sun kurɓa, ka ba su hulata."

"Haba Kawu, abin kunya!"

"Tasu ce, ba taka ba."

Ran sadakar uku suka iso da manyan motoci. Na miƙa kwanon sha. Babbansu ya kurɓa, ya dubi kwanon, ya dube ni. Na aje hula kan tabarma na ce wasiyya ce.

Damina biyu aka yi ana zuwa awo ana tafiya, sannan aka haƙa. Binciken Kawu ya ci, shi ko bai samu ko kurɓi ba. Duk sanda na kai amalanke bakin famfon sai ya faɗo mani a rai.

Allah Ya jiƙanka, Kawu. Ya shayar da kai ruwan da ba ya buƙatar tacewa.