Badukun da Ya Hau Kujerata

Gajere baduku ne, ɗan baduku, jikan majemi. Shekara biyu ya yi a ajina ina koyar da shi, kullum shi ne na ƙarshe.

Da asibitin garinmu ya kafa kwamitin haɗa likitoci da masu sana'a, na shirya jawabi shafi huɗu, domin na tabbata ni za a ba shugabanci. Sai aka ba Gajere, wai don ya ƙirƙiro wa masu ciwon suga takalmi mai ɗinki ta waje, wanda ba ya ƙuje ƙafa. Wata uku ina gaishe shi da ka kawai.

Ni ma mai ciwon suga ne. Ranar da likita ta ga gyambo a yatsan ƙafata, ta ce ko takalmin Gajere ko wuƙa. Na je rumfarsa da safe, ya ce in dawo bayan la'asar. Na dawo ina huci, na ce, "Kai, me ya sa ka mayar da malaminka?"

Ya durƙusa da ma'auninsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙafa da yamma take kumbura. In na auna da safe, takalmin zai matse ka, yatsan ya tafi."