Farfelar da Ta Karɓe Mini Gora

A da, idan jirgin ruwa zai matsa bakin gaɓa, mutum ne ke tsayawa a goshinsa da gora yana tokarewa. Haka na gani a Yawuri, haka a Tafkin Chadi, haka a Bur Sudan. Yanzu maɓalli ake dannawa.

Maƙwabcina a unguwar Rusaifa ta Makka, Bahaushe haifaffen garin, yana da ɗan jirgin kamun kifi. A ƙofar gida yake ajiye shi bisa tirela, a garin da ko kududdufi babu. Ranar hutu mukan ja shi zuwa teku a Shu'aiba. Shi ke tuƙi, ni ke riƙe gora. Ban iya kamun kifi ba, ban san inji ba. Saboda gorar ake zuwa da ni.

Da kafaɗata ta fara ciwo, babban ɗansa, mai gyaran firji, ya zo da wata 'yar farfela. Ya huda goshin jirgin daga gefe zuwa gefe, ya zura bututu, ya liƙe, ya ɗaura ta a ciki. Ya ajiye mata batirinta a kusa, wai ba ta son doguwar waya.

"Wannan me take yi?" na tambaye shi da Hausa.

"Aikinka, ya ammi," ya amsa da Larabci, wato kawu.

Uban ya ce, "Kuma ba ta da labarin Yawuri."

A ƙofar gida aka gwada ta. Ta yi ƙugi, mage ta gudu, kowa ya ce masha Allah. Ba wanda ya tambayi gefen da take turawa, don a Makka ba abin da za ta tura.

Ranar Asabar na fito da gorata duk da haka.

"Malam, jana'izarta za ka yi a teku?" in ji maƙwabcina.

Da muka dawo gaɓa da yamma, ya danna hagu, goshin jirgi ya yi dama, ya nufi jirgin wani Bayamale. Ya ƙara dannawa, ya ƙara nufarsa.

"Malam! Gora! Gora!"

Na tokare. Kafaɗa ta ji a jikinta, amma ba mu taɓa kowa ba.

Ɗan, da ya biyo mu ranar, ya sunkuya ya gyara wayoyi biyu da ya haɗa a baibai. Aka danna hagu, jirgi ya yi hagu.

A mota ina ta jiran a sallame ni daga aiki. Sai da muka shigo gari maƙwabcina ya ce, "Asabar ka fito da wuri. Farfela ba ta dafa shayi."

Har yanzu ana zuwa da ni, a tsakiyar jirgi nake zama da butar shayi. Gorar tana saman bene, maiɗakina na shanya a kanta. Ba ta sake taɓa ruwan teku ba.