Jinin Inna a Bakin Taga

Matso kusa ka ji, don abin nan har yau in na tuna shi sai abinci ya fita raina.

Lokacin muna Dutse Alhaji, a gefen babban birnin tarayya, farar hula sun dawo mulki, ko'ina gini ake yi, wayar hannu ta fara isa har hannun masu tura baro. Maigidana direba ne a wata ma'aikata, ni kuwa 'yar zaman gida. Sai Inna, mahaifiyata, ta zo daga ƙauye da ciwo a babban yatsan ƙafa. Tuntuɓe ne kawai, amma ya ƙi warkewa. Ga shan ruwa, ga fitsari ba hutu. Maƙwabciyata ta ce a gwada mata sukari.

Muka je wani ƙaramin asibitin kuɗi a bayan layinmu da safe, Inna ko karyawa ba ta yi ba. Nas ta ɗebi jinin a 'yar kwalba, ta jera ta a bakin taga kusa da wasu, rana na dukansu. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma magana ba ta wuce kunnena. Na ji ta ce wa abokin aikinta, "Oga ya ce sai sun taru. Ba za a tura mutum cikin gari don kwalba uku ba."

Ashe ba su da na'urar gwajin. Jinin mutane suke tarawa kamar fasinja a tasha, sai mota ta cika a tashi.

Na ce, "Sista, haka za a bar shi? Ga firji can."

Ta ce, "Madam, na lemo ne wannan. Jini ai ba nono ba ne da zai yi tsami." Suka kwashe da dariya.

Inna ta ja min mayafi. "Ke dai bakinki ba ya hutawa. Bar su su yi aikinsu."

Na kama Inna muka koma gida, na ɗauka sun fi ni sani. Da la'asar na fita sayen kayan miya, na hangi ɗan aikensu ya shiga bas da kwalaben jinin a baƙar leda, ya ɗora ta a kan murfin inji kusa da direba, wurin da ko ƙafa ba ta iya daɗewa don zafi.

Sakamako ya fito, wai sukarinta lafiya lau. Inna ta yi ta hamdala. Muka ci gaba da dama mata fura da sukari, shayi da madarar gwangwani, ana ta wanke ciwo da ruwan gishiri. Har yatsan ya yi baƙi ya fara wari.

Ogan maigidana ne ya ce mu kai ta babban asibiti a cikin gari. A can aka ɗiba aka gwada nan take, muna zaune. Sukari ya hau sosai. Na ba matar ɗakin gwajin labarin wancan na farko, ta girgiza kai. Ta ce jini yana da rai ko bayan an ɗebe shi. In aka bar shi ya wuni cikin zafi a kwalbar da ba ta dace ba, shi da kansa yake cinye sukarin da ke cikinsa, sai na'ura ta ga kaɗan.

Yatsan dai sai da aka cire shi. Inna da ke zuwa gona da ƙafarta ta koma dogara sanda.

Na koma wancan asibitin raina a ɓace, na faɗa musu komai. Nas ɗin ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Madam, haka muke wa kowa, ba wanda ya taɓa ƙorafi." Wa zai yi ƙorafi, alhali an ce masa lafiyarsa ƙalau ya tafi gida yana murna?

Kai da aka sha ɗibar jininka, ka taɓa tambayar inda ya wuni kafin a gwada shi?